Babi na Bakwai: Manhajar Zana Filin Daga, Mai Sauƙi da Mai Zurfi

A wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta da na waya, taswira ce ke yanke rabin hukunci tun kafin a harba kibiyar farko. Ita ke nuna inda zinariya take da inda itace yake, inda dutse ya toshe hanya, inda kogi ke ƙetaruwa, da tazarar da ke tsakanin garin mai wasa da na abokin karawarsa. Rundunar da ta ci nasara a shimfiɗaɗɗen fili, ita ce za ta sha kashi a tsakanin duwatsu. Wannan ne ya sa kamfanoni da yawa ke haɗa wa wasanninsu manhajar zana taswira, domin wanda ya gaji da filayen da aka ba shi ya zana nasa. Abin ya daɗe. The Ancient Art of War na 1984 ya zo da irin wannan manhaja, kamfanin SSI ya fitar da Wargame Construction Set a 1986, sannan Warcraft II na kamfanin Blizzard ya kai ta hannun ɗimbin mutane daga 1995.

Akan raba waɗannan manhajoji gida biyu, masu sauƙi da masu zurfi. Mutane kan ɗauka cewa bambancin yana ga yawan maɓallai ko kyan hoto, alhali yana ga iya inda hannun mai zane ke kaiwa. Mai sauƙi tana ba shi ƙasa da abin da za a ɗora a kanta: ciyawa, ruwa, tudu, gari, ma'adinai, da wurin da kowace runduna za ta fara. Dokokin wasan suna nan yadda kamfani ya kafa su, ba ya taɓa su. Mai zurfi kuwa tana buɗe masa dokokin kansu, ya faɗi abin da zai faru da lokacin da zai faru, ya sauya ƙarfin mashi da gudun doki, har ya sauya abin da ake kira nasara. Wasu wasannin sun ajiye matakan biyu a manhaja ɗaya, kamar WorldBuilder ta Civilization VI mai ƙofar masu farawa da ƙofar ƙwararru.

Mai sauƙi

Masu dara sun san wannan matakin tun kafin zuwan kwamfuta. Ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'yansa 12. Ana iya yin guraben a yashi ko a katako, a gindin bishiya ko a zaure, amma jera uku da cin ɗan abokin wasa ba sa sauyawa. Manhaja mai sauƙi haka take, fili take bayarwa ba doka ba.

Mafi ƙanƙantar misali shi ne na Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar a 2012, kuma ya shiga wayoyin samari a ko'ina. A nan ko ƙasar ma ba a taɓawa. Mai wasa yana kwashe gine-ginensa ne ya sake jera su, ya ja ganuwa, ya ɓoye ma'ajiya a tsakiya, ya ɗana tarko a inda yake zaton mahara za su biyo. Duk da ƙanƙantarsa, yana koyar da abu ɗaya mai amfani: maharin da ke gabanka yana bin hanyar da ka bar masa ne. Sama da shi akwai irin manhajar Advance Wars na Nintendo na 2001, inda ake zaɓar gida ɗaya-ɗaya a mayar da shi daji ko hanya ko teku, a ajiye birane da masana'antu, a shiga wasa nan take. Unciv, wanda kyauta ne a wayar Android kuma aka gina shi a kan tsarin Civilization V, yana da makamanciyarta mai gidaje masu kusurwa shida. Haka ma Battle for Wesnoth, wasan kyauta da David White ya fara a 2003. Taswirarsa idan aka buɗe ta rubutu ne zalla, Gg na nufin ciyawa, Hh tudu, Mm dutse, Ww ruwa marar zurfi.

Falalar wannan mataki ita ce saurin gwaji. Cikin rabin awa an zana, an buga, an ga inda aka yi kuskure, an koma an gyara. Mai zane ba ya koyon sana'arsa sai da wannan kai-da-komowar, domin taswirar da ta yi kyau a ido sau da yawa ba ta buguwa: ko wani ɓangare ya fi kusa da zinariya, ko mashigi ɗaya ne tak wanda duk ya riga toshe shi ya gama wasan. Kuma kada a raina wannan aiki don kayansa kaɗan ne. Gasar StarCraft ta ƙwararru a Koriya ta Kudu ta rayu shekaru da dama a kan taswirori irin su Lost Temple da Fighting Spirit, waɗanda ba su da wani labari ko dokar musamman. Faɗin hawa, nisan ma'adinai na biyu da yawan hanyoyin shiga su ne suka daidaita rundunoni uku masu halaye daban. Gwanintar duk a ƙasa take.

Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi a kan allo

Hanya mafi kyau ta gane iyakar kowace manhaja ita ce a ɗauki ƙasar da aka sani da ƙafa a gwada zana ta. A ɗauki tsakiyar jihar Katsina. Titin da ya taso daga birnin Katsina yana ratsa Kurfi, mazaunin Maraɗin Katsina, ya gangara kudu kilomita ashirin da 'yan kai zuwa Dutsin-Ma, mazaunin 'Yandakan Katsina, daga nan ya nufi Ƙanƙara. Manyan duwatsu sun tsaya ɗaiɗai a tsakiyar gonaki, har ɗaya daga cikinsu ya ba Dutsin-Ma sunansa. A kudu akwai kogin Karaduwa da madatsar ruwa ta Zobe da aka kammala a 1983. A yamma akwai Safana da dajin Rugu.

Matsalar farko ita ce awo. Babbar taswirar da Age of Empires II na 1999 ya zo da ita gidaje 240 ce a tsaye, 240 a kwance. Idan aka ce a zuba fili mai tsawon kilomita 40 a cikinta, kowane gida zai ɗauki kusan mita 167. Bangon madatsar Zobe, mai tsawon kimanin kilomita 2.7, zai ci gidaje 16, amma kasuwar Dutsin-Ma gaba ɗaya za ta shige cikin 'yan gidaje ƙalilan, alhali ginin kasuwa ɗaya na wasan yana cin gidaje huɗu a kowane gefe. Dole mai zane ya yi rangwame: ya kumbura garuruwa, ya matse gonakin da ke tsakaninsu, ya bar duwatsu uku ko huɗu su wakilci sauran. Taswirar wasa ba ta safiyo ba ce, kuma wanda ya nace sai ta zama haka zai sami fili mai faɗi da babu abin yi a cikinsa sai tafiya.

Matsala ta biyu ta fi ta farko koyarwa. Ƙasa ta gaskiya ba ta san adalci tsakanin masu wasa biyu ba. Babban ruwan yana kudu, saboda haka wanda ya fara daga Dutsin-Ma zai sami kifi da kariya a bayansa, wanda ya fara daga Kurfi ya tashi da fili a buɗe. Sai an rama masa da wani abu, ko dutsen gini kusa da gida ko tudun da zai kafa hasumiya. Tudu kuwa ba ado ba ne a waɗannan wasanni. A Age of Empires II mai kai hari daga sama yana samun ƙarin kashi 25 cikin ɗari, na ƙasa kuma ana rage masa daidai haka. A Wesnoth yawancin mahayan dawaki ba sa hawa dutse sam, sojojin ƙafa kuwa suna samun kariya mai yawa a kansa. Wanda ya san tarihin ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan doka ba, domin mutanen da suka fake a kan duwatsu sun sha gagarar barade.

Duk wannan manhaja mai sauƙi za ta iya yinsa. Inda take tsayawa shi ne inda lokaci ya shigo. Ƙoramun wannan yanki rairayi ne da rani, ana ratsa su da ƙafa. Da damina ta zauna sai su cika su raba ƙauye da ƙauye. Mai sauƙi za ta zana rani ko ta zana damina, ba za ta iya sa ɗaya ya bi ɗaya ana tsakiyar wasa ba.

Sharaɗi da sakamako

Tsakanin matakan biyu akwai wata gada da StarCraft na 1998 da Age of Empires II suka shahara da ita, wato tsarin sharaɗi da sakamako. Mai zane yana zaɓar sharaɗi daga jeri, misali idan minti ashirin ya cika, ko idan wannan mutum ya isa wancan wuri, ko idan aka rushe wannan gini. Sannan ya zaɓi abin da zai biyo baya: a aiko da saƙo, a ba da zinariya, a fito da mahaya goma, a ayyana nasara. Ba a rubuta ko layi ɗaya na harshen kwamfuta, amma tunanin na mai shirya manhaja ne sak.

Da wannan tsari taswirar Kurfi da Dutsin-Ma takan tashi daga fili ta zama labari. Ana iya sa ayarin fatake ya taso daga arewa da madugunsa, a ce nasara ita ce ya isa zango da rabin jakunansa kafin ruwa ya sauka. Idan lokacin ya cika, sai a sa wani abu ya bayyana ya toshe mashigin ƙorama, ayarin da ya makara ya zagaya ta doguwar hanya. A Wesnoth abin ya fi haka kai tsaye, don harshensa na WML yana da umarnin da ke mayar da gidan rairayi ya koma ruwa a zagayen da aka zaɓa. Mai son tarihi yana da abin ɗauka a ƙarni na 19, bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807 ƙarƙashin Ummarun Dallaje, tsohon gidan sarauta ya koma arewa ya kafa Maraɗi, aka yi ta kai wa juna hare-hare shekara da shekaru. Sai dai duk taswirar da aka ce ta wancan zamani ce, dole a share tafkin Zobe daga cikinta a bar Karaduwa yana gudu a kan hanyarsa.

Akwai wani hanzari a nan da bai kamata a tsallake ba. Dajin Rugu da ƙauyukan da ke gefensa ba filin tatsuniya ba ne. Mutanen Safana da Kurfi da Dutsin-Ma sun rasa 'yan uwa da dukiya a hannun 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Zana harin ƙauye mai suna na gaskiya domin nishaɗi rashin ta ido ne, ko da manhajar ta ba da damar yin haka. Tarihin da ya yi nisa, fatauci, noman rani, rabon ruwa tsakanin gonaki da garke, duk sun isa su ɗauki wasa mai kyau.

Mai zurfi

Cikakkiyar manhaja mai zurfi ta bayyana ne da World Editor ta Warcraft III a 2002. Tana da sashen ƙasa, sashen sharaɗi da sakamako, sashen da ake sauya kowace lamba ta kowane soja da kowane gini, sashen sauti, da ƙofar shigo da hotuna da siffofi daga waje. A ƙarƙashin duka akwai harshen shirye-shirye mai suna JASS, daga baya a 2019 aka ƙara Lua. StarCraft II na 2010 ya zo da wadda ta fi ta zurfi, har ana iya gina wasan da bai yi kama da na asali ba ko kaɗan. Civilization IV na 2005 ya bi wata hanyar, ya bar bayanansa a rubuce cikin XML da Python inda kowa zai iya buɗewa ya gyara.

Abin da irin wannan dama ta haifar ya wuce tunanin waɗanda suka ba da ita. Wani mai zane da ake kira Eul ya ɗauki tsarin taswirar Aeon of Strife ta StarCraft ya gina Defense of the Ancients, wato Dota, a cikin Warcraft III a 2003: babu gina gari, babu tara runduna, kowane mai wasa jarumi ɗaya yake riƙe da shi a fili mai hanyoyi uku. Steve Feak ya faɗaɗa ta, IceFrog ya karɓa a 2005. Daga wannan taswira ɗaya League of Legends ya fito a 2009, Dota 2 a 2013, kuma Mobile Legends da ake bugawa a waya daga zuriyarta yake. Kyautar gasar duniya ta Dota 2 a 2021 ta haura dala miliyan 40. Babu manhaja mai sauƙi da za ta iya haifar da wannan, domin abin da aka sauya doka ce ba ƙasa ba.

Ta fuskar ƙasa ma mai zurfi tana da abin da take ƙarawa. Atlas, manhajar wasan kyauta na 0 A.D., tana karɓar hoton tudu da kwari, baƙi da fari, inda fari ke nufin bisa, ta mayar da shi fili. Irin wannan hoto akwai shi na duk ƙasar Katsina, daga awon da kumbon Endeavour na Amurka ya yi a Fabrairun 2000, wanda aka saki na Afirka mai awo a kusan kowace mita 30 a 2014. Ke nan ɗalibi zai iya yanko yankin Kurfi zuwa Zobe ya shigar, duwatsun su tsaya a inda Allah ya ajiye su. Aikin bai ƙare nan ba, sai ya sassauta gangara ya buɗe hanyoyi da hannu, in ba haka ba sojojin wasan za su maƙale a gindin dutse.

Amma zurfi yana da farashi, kuma a garuruwa irin Dutsin-Ma da Kurfi farashin ya fi nauyi. Na farko, na'ura. Yawancin masu wasa waya ke hannunsu, manyan manhajojin nan kuwa sai kwamfuta mai ƙarfi da linzami; sauke sabon Age of Empires II na 2019 kaɗai yana cin gigabait masu yawa na data, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. A waya, Mindustry ce ta fi kusantar zurfi, don manhajarta tana barin a tsara zuwan mahara rukuni-rukuni a kuma gyara wasu dokoki. Na biyu, lokaci. Taswira mai sharuɗɗa ɗari tana iya lalacewa saboda guda ɗaya da aka manta ba a kashe ba, a kwana ana nemansa. Yawancin manyan ayyukan da masu farawa ke ɗauka ba sa kammaluwa, ba don rashin basira ba sai don sun fara gina dokoki a kan ƙasar da ba su taɓa gwadawa ba. Na uku, harshe: bayanai da darussa kusan duk da Turanci suke, kuma tsofaffin wasanni ba sa nuna ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, don haka mai son rubuta saƙonnin taswirarsa da Hausa ya gwada haruffan tun da wuri.

Na huɗu shi ne mallaka, kuma shi aka fi mantawa. Blizzard da Valve, kamfanin da ya yi Dota 2, sun yi taƙaddama a kan sunan Dota har suka sasanta a 2012, kuma lokacin da Blizzard ta fitar da Warcraft III: Reforged a Janairun 2020, sharuɗɗanta sun ce duk wasan da aka gina da manhajarta mallakin kamfanin ne. Wanda zai zuba watanni a kan aiki ya kamata ya karanta wannan kafin ya fara. Wesnoth da 0 A.D. da Mindustry da Unciv a buɗe suke ga kowa, ana ganin cikinsu ana kuma iya gyarawa, wannan kuwa babbar riba ce ga mai koyo.

Kayan aikin ba su rasa fuskar Afirka ba. Age of Empires II ya sami Mali da Habasha da Berber a 2015, 0 A.D. yana da mutanen Kush, sannan a Agustan 2021 Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin The African Royals, da Sarauniya Amina a matsayin jagora, da barade masu lifidi da maharba Fulani. Sojojin sun samu, amma filayen da aka ba su na faɗin nahiya ne, irin su Tafkin Chadi da kogin Neja, babu dutsen wani gari takamaimai a ciki. Wannan giɓi ba kamfani zai cike shi ba, sai wanda ya san inda ƙorama ke yankewa da inda hanyar shanu ta bi.

Idan aka auna duka, mai farawa ya fi cin riba da manhaja mai sauƙi har sai ya zana filin da abokai biyu za su buga, su musanya wuri, kowa ya yarda ba a cuce shi ba. Bayan nan sharaɗi da sakamako sun ishe shi ba da kowane labari da yake da shi. Mai zurfi ta wanda ke da sabuwar doka a ransa ce, wadda wasan bai tanada ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna da ɗalibai na kimiyyar kwamfuta da labarin ƙasa da tarihi a gari ɗaya, kuma aikin taswira guda yana buƙatar ukun. Ya dace malamansu su sanya Wesnoth ko 0 A.D. a kwamfutocin ɗakunan gwaji, tunda ba a biyan ko kobo a kansu, su ba ɗalibai yankin Kurfi zuwa Zobe a matsayin aikin zangon karatu.